Leda Ɗaya, Jini Biyu

Duk bayan mako uku, ranar Talata,
muke barin Agege tun da assalatu,
ni da Baba da fulas ɗin ruwan zafi.
Danfo na tari, Baba na tari,
har Idi-Araba ban san wanda ya fi ba.

Gado na huɗu nasa ne.
Na biyar na Mista Adewunmi, tsohon direba,
wanda ya sha hayaƙin Oshodi shekara talatin,
ya koyi Hausa a bakin 'yan dako.
Ciwo ɗaya aka rubuta musu: dajin huhu.
Leda iri ɗaya aka rataya musu,
ɗis, ɗis, kamar yoyon kwano a watan Yuni.
Na karanta sunan maganin da idona,
ko wasali bai bambanta ba.

Da la'asar Adewunmi ya aika a sayo amala,
ya suɗe yatsu, ya nemi ƙari.
Baba kuwa, ko koko ya zame masa ƙaya.
Baki ya tsattsage, jini ya yi ƙasa,
yatsun da suka ƙirga buhunan albasa a Mayil Tuwel
tun ban zo duniya ba
suka daina jin ƙwayar carbi.
Ya ce, "Tasi'u, ja mini, ni zan riƙa faɗa."

Na zargi nas. Na zargi ledar.
Gwaggo ta bugo daga Illela ta ce sammu ne.
Na tare Dakta Oyelakin a kan matakala,
na ce, "Ko nasu na gaske ne, namu jabu?"

Ba ta ɗaure fuska ba.
Ta ce, "Kakata rini take yi.
Tukunya ɗaya, baba ɗaya,
wani zane ya kama shuɗi har ya yi baƙi,
wani ya fito kamar an yi masa rowa.
Laifin wa? Zare ne ya bambanta.
A cikin kowace ƙwayar jikinka akwai rubutu,
gadon uwa, gadon uba.
Jikin wani ya wanke magani ya zubar da wuri,
na wani ya riƙe shi kamar bashi,
ya kwana yana ƙuna.
Shi ma ciwon da nasa rubutun:
wani na tsoron ruwan nan, wani ko gezau."

Sai aka rage wa Baba ma'auni.
Bayan zuwa na uku aka ɗauki hoto.
Inuwar da ta kai ƙwan zabo a ƙirjinsa
ta koma kamar ɓarin goro.
Ta Adewunmi tana nan inda take,
ta miƙe ƙafa kamar mai gida.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Alhaji, kai ka sha wuya, kai ka ci riba.
Ni na ci amala."
Babu wanda ya taya shi.

Yanzu sun yanki ɗan tsoka daga ciwonsa
za su kai a karanta,
ko akwai ƙwayar da ta san harshensa.
Kuɗin gwajin ya kusa cinikin rabin mota.
Baba ya ce in dunƙule wani abu
in sa a hannun 'yarsa Morenike,
kada in tsaya ta ƙirga.

A hanyar gida, cikin cunkoson Mushin,
na riƙe ƙarfen kujera,
ina kallon jijiyoyin bayan hannuna.
Rabin rubutun nan na mutumin da ke gyangyaɗi a kafaɗata ne.
Ban san me ya ce ba.
Shekara ashirin da tara ina yawo da wasiƙa
ban taɓa buɗe ta ba.

Kwandasta ya miƙo canji.
Baba ya farka, ya karɓa,
ya murza takardar tsakanin yatsu biyu,
yana neman jin ta.