Gurnanin Tsirkiya

Chizuru ta sauka Hirosaki a jirgin ƙasa na ƙarshe,
gashi shuɗi, kunnuwa cike da ihun Tokyo.
Jiya dubbai suka yi ta kiran sunanta.
Yau kakarta Tomeno ta ce, "Cire takalmi,
kin kwaso mini ƙanƙara."

Shamisen na jingine inda yake tun tana goye:
dogon wuya, tsirkiya uku,
fata ta rine kamar ruwan shayi.
Tsohuwa ta ɗauki makaɗi ta sara.
Babbar tsirkiya ta yi gurnani,
kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

"Wannan," in ji Chizuru, "injiniyanmu ya goge shi.
Wai datti ne a sauti."

Tomeno ta yi dariya har ta sarƙe.
"Da gangan masassaƙi ya bar shi, 'yar nan.
Sawari sunansa.
Muryar da babu tsakuwa a cikinta,
wa zai kwana yana tuna ta?"

Dare tara tana durƙushe a tabarma,
har siliki ya yanka hanya a farcenta.

Ran da ta koma dandali,
ganguna na tsawa, fitilu na walƙiya,
sai ta ɗaga hannu. Tsit.
Ta sara.
Gurnanin ya ratsa zauren, ya shiga haƙora.

Can arewa, gaban talabijin,
tsohuwa na ɓare lemo.
"Tsirkiya ta biyu ta saki," ta ce wa kyanwa,
sannan ta ƙara murya.