Gishiri a Tafkin Abu Misfir

Shekara tara ina wanke tafkin gidan Abu Misfir
a Ubhur, arewa da Jidda,
inda Bahar Maliya ke numfashi a bayan katanga.
Da can farin gari nake barbaɗawa daga bokiti,
mai warin da ke shaƙe maƙoshi.
Ya ci mini riguna huɗu,
ya yi wa tafin hannuna faso,
yara su fito daga ruwa idanu jawur kamar gauta.

Ran nan sai ga Ramzi mai gyara, da ɗan akwati a hammata.
Ya yanka bututu, ya ɗaura, ya ja waya,
ya ce, "Tanimu, ka huta.
Zuba gishiri kawai, wuta za ta ratsa shi,
ruwa ya haifi maganin kansa."
Buhu goma sha biyu na farke da wuƙa,
ga teku can tana kallona,
ita da ke da shi kyauta, ba mai tambaya.

Ba ƙarin gishiri a zancena, abin ya yi.
Ruwan ya yi laushi kamar an shafa masa mai.
Jawahir, autar gidan, ta buɗe ido a ƙarƙashinsa
tana ƙirga tayil ɗin ƙasa.
Uwarta ta daina faɗan gashi ya bushe.
Ramzi ya ce zartsinsa bai kai na hawaye ba.
Na lasa. Gaskiyarsa, na san ɗanɗanon duka biyun.
Faso ya warke, har zobena ya koma yatsa.

Amma gishiri baƙo ne mai cin gida a ɓoye.
Damina ba ta zuwa nan ta ba shi kunya,
sai ya bi tsanin ƙarfe yana lasa,
kusa ta yi ja, ta zubar da hawayen tsatsa.
Dutsen bakin tafki ya fara furfura, yana marmashewa.
Faranta na cikin akwati su yi ɓawon farar ƙasa,
in kwance su, in jiƙa a ruwa mai cizo,
ina kau da hanci kamar da.
A shekara ta huɗu zuciyar injin ta tsaya.
Da Ramzi ya faɗi kuɗin sabuwa
sai da maigida ya ajiye carbi.

Jiya ya tsaya a kaina, ina durƙushe ina kankare tsani.
"Ya Tanimu, wanne ya fi, na da ko na yanzu?"
Na ce, "Na yanzu ya fi tausayin fata."
Ban ce masa komai ba kan kwanakina shida
da injin ya mayar biyu,
ko kan kuɗin da nake aikawa Gumel,
da suka narke tun buhun farko.
Ya gyaɗa kai ya shige.
Fitilar akwati ta yi ja, tana neman ƙari.
Na tashi na ɗauko wuƙa.