Giɓi a Bayan Ƙyalle

Haƙorina ya fita ran Talata,
na jefa shi kan rufinmu a Aboabo.
A aji ba wanda ya sani.

Inna ce ta ɗinka takunkumin
da ragowar zanen Sallah.
Kafin hantsi ya jiƙe,
yana ƙanshin kokon safe,
igiyarsa na cin bayan kunnena.

Madam Akosuwa ta juyo: "Wa ya yi dariya?"
Mu arba'in, idanu zalla.
Ba ta kama kowa ba.
Wannan kam da daɗi.

Sai dai Fusena.
Tun faɗanmu a bakin famfo
nake mata murmushi,
yau kwana uku,
ita kuwa tana zaton
har yanzu fushi nake.