Kayan Ƙaura

Na fara da kwamfutar shagon Babaji a Wunti,
mai ƙatuwar ƙeya, tana nishi kamar injin markaɗe.
Naira hamsin, minti talatin,
rabinsu a jiran shafi ya buɗe.

Sai waya mai madannai.
Ta faɗa kwata a Yalwa, na tsamo ta,
ta sha rana a kan kwano, ta farfaɗo.
A cikinta muryar Inna Dudu take,
daƙiƙa arba'in, tana yi mini faɗa
in daina cin tsire da daddare.

Laftof ɗina na gwanjo ne, bai san lanƙwasa ba.
Shekara uku ina rubuta ƙasa, yana mayar da ita kasa,
har na fara zargin kaina.

Kowace sabuwar na'ura gidan haya ce.
Sai ka yi mako kana laluben makunni a bangon da ba shi,
yatsa na tafiya inda ya saba.

Bara na koma ta shafawa.
Yaron da ya kwashe mini kaya ya ce, "Baba, komai ya shiga."
Lambobi sun shiga, har na waɗanda muka binne.
Hotunan rasit sun shiga.
Muryar ce ta ƙi.
Wai irin nata ya tsufa.

Tsohuwar na nan a durowa, batirinta ya kumbura.
In na shigo da tsire a takarda,
nakan rage sauri daidai wurin,
in mayar da hannu baya.