Ruwan da Ya Dawo

Kawu Sallau ya faɗi a tsakiyar albasa
ranar Lahadi, ana haramar kasuwar Pitowa.
Hannun dama dafe da ƙirji,
na hagu bai saki fartanya ba.
Muka ɗora shi a babur, ni a baya ina tallafe,
har Garwa zufarsa na sanyi a tafina.

Likita Astawabi ba ta da dogon zance.
Ta ce hanya ce ta toshe,
wani gefen zuciya yana ƙishi tun hantsi.
Suka yi allurar narkar da gudan jinin.
Na ce alhamdu lillahi, an gama.
Ta ce, zauna tukuna.

Kai manomi ne, ka san Lagdo.
Shekarar da aka buɗe ƙofofin ruwa,
wa ya fi yi muku ɓarna, fari ko kogi?
Na yi shiru.
Na tuna kunyoyinmu suna bin Binuwai,
da injin ban ruwa da muka tono daga laka.

Ta ce, haka naman zuciya yake.
In ya daɗe da ƙishi, jini ya dawo a guje,
iskar da ya yi ta jira ita ke ƙona shi.
Fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi,
kamar masu kashe gobara
da suka rushe ɗakin da wuta ta bari.

Amma akwai ɗan aike, sunansa adinosin.
Jiki ne ke yin abinsa.
In tsoka ta ƙone makamashinta har ya ƙare,
tokar da ta rage, shi ke nan shi.
Toka ce mai baki.
Takan ce wa ƙananan jijiyoyi, ku buɗe,
ta ce wa bugu, sassauta, tafiyar da nisa,
ta tsare masu gaggawa a bakin ƙofa.
Daƙiƙu kaɗan yake yi ya ɓace,
ko na gode ba ya jira.

Ta ce an lura, zuciyar da ta ɗanɗani ƙishi kaɗan-kaɗan
takan fi jure babba,
kuma da hannun ɗan aiken a ciki.
Na tuna Kawu yana hana iri ruwa kwana biyu
kafin dashe, wai ya koyi duniya.
Daga kan gado sai ya yi magana,
ashe ba barci yake ba:
Wata guda ke nan yana matse ni yana saki.
Likita ta juyo, ba dariya a fuskarta.
Wannan ba jarumta ba ce, Baba.
Ɗan aike ba ya cire ƙaya, lokaci kawai yake saya.
Da ka zo tun ranar farko.

Kwana biyar albasa ba ta sha ba.
Na tarar da ƙasa ta tsage, ganye ya kwanta.
Na tayar da inji, hannuna ya kai ga madatsa
zai yaye ta gaba ɗaya,
sai na tsaya.
Na buɗe faɗin yatsa uku.
Na tsuguna ina kallon ruwa yana lallaɓawa,
kunya bayan kunya,
har aka kira magariba ban kai rabi ba.