Ruwan Ajiwa a Bango

Taku huɗu tsawo, uku faɗi,
banɗakin gidanmu na Rafindaɗi.
Siminti tsirara, gansakuka a kusurwa,
taga can sama, ba ta fi tafin hannu ba,
ƙusa guda mai tsatsa tana riƙe da soso.

Tun da ciwo ya kwantar wa Baba ɓarin hagu,
nan ne iyakar tafiyarsa,
daga gado zuwa can, daga can zuwa gado,
mutumin da ya shekara talatin da ɗaya
yana tada injin ruwa a Ajiwa
don famfunan birni su yi tari, su kawo.

Ran nan na fito da shi, ina tsane masa ƙafa,
ya ce, "Sada, bangon nan ya ishe ni.
Kabari dai zan gan shi,
ba sai an fara nuna mini tun yanzu ba."

Na tafi wajen Mannir mai fenti.
Ya ce, "Shuɗi ko kore?"
Na ce, "Tsakaninsu."
Ya yi dariya har da dafa kanta:
"Tsakanin shuɗi da kore ai babu gari, Malam,
sai dai hanya."
Na sayi gwangwani biyu da ɗan fari,
na ɗauko hanyar.

A tsakar gida, ni da muciyar da Murja ta sallama,
shi kan tabarma, sanda ce bakinsa.
"Ƙara shuɗi. A'a, wannan bular wanki ce.
Ƙara kore. Kai, miyar kuka ka kaɗa mana?
Ɗiga fari. Kaɗan!
Ruwan dam nake nufi,
bayan damina ta ɗauke, laka ta kwanta,
da hantsi, kafin masunta su dama shi."

Goggo Baraka ta leƙo ta katanga.
"Ikon Allah! Zaure ko farar ƙasa bai samu ba,
kuna yi wa bayi kwalliyar salla.
Mutanen ɓoye za ku burge?"
Ba wanda ya tanka. Buroshi ya tanka.

Kwana biyu ina shafe.
Na kankare, na toshe tsaga, na sake bi.
Fasassun tayil da na tsinto a wani kango
na jera su bakin rariya
kamar ɓawon kifi.
Maƙeri ya lanƙwasa mana ƙarfen riƙewa.
Murja ta zaga kasuwa sau biyu
kafin ta sami buta mai kama da bangon,
bokitin kuwa ya ƙi, ya tsaya a shuɗinsa.
Ukasha ya manna tafinsa a ɗanyen fenti,
yatsu biyar, daidai gwiwata.
Na ɗaga buroshi zan shafe,
na fasa.

Ran Laraba wari ya fita.
Da hagu ake shiga, hagun ce ba ta ji,
sai na tura ta da tawa, kamar kullum.
Na zaunar da shi.
Rana ta zuro ta 'yar tagar,
ta faɗa cikin bokiti, ta tashi,
ta hau bango tana rawa,
sai ga ɗakin duka yana motsi,
kamar muna zaune a ƙarƙashin ruwa.

Ba a magana a nan, haka ya koya mana.
Ya dai kafa ido.
Ruwan wanka ya huce,
kumfa ta bushe a kafaɗarsa,
ni kuma ban ce a yi sauri ba.

Muka fito da dama.
Ya ce, "Gufranaka."
Ya tsaya, nauyinsa duka a wuyana,
yana maida numfashi.
"Koren ya ɗan yi yawa," in ji shi.
Sai da muka kai bakin gado ya ƙara:
"Gobe ka bar ni in daɗe."