Fatakar Goggo

Da garun ɗakin Goggo ya zube a marka,
cikin laka da ruɓaɓɓen zana
na tsinci fataka, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya,
a lanƙwashe kamar kunnen akuya.
Na goga ta a riga, sai ga azurfa ta leƙo.

Ni mai garaje ne, duk Nafaɗa an sani.
Har na ɗora ta kan dutsen niƙa, na ɗaga taɓarya,
sai hannuna ya ƙi sauka.
Na bi ta bayan kasuwa, rumfar Hammayo maƙerin fari.

Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne.
"Da ka buga," in ji shi, "da yanzu biyu kake riƙe da su.
Azurfar da ta tsufa a tanƙware
ta saba da zamanta haka. Sai da lallashi."

Ya jiƙa tsamiya a sakaina, ya bar ta ta kwanta ciki,
muka taɓa hirar kuɗin wake
da ta wanda ya rasu a Bajoga.
Ya danna zuga-zugi sau uku, bai ƙara ba,
gawayin ƙirya ya buɗe ido.
Ya miƙa ta da awartaki,
da ta fara ja-ja a duhun rumfa, ya janye.

Fata a ƙasa, fata a sama,
guntun icce a hannu, masaba na can gefe.
Ƙarfe bai ga fuskarta ba.
Tim. Ya dakata.
Tim. Ya juya ta.
Ta baki-baki yake bi, yana kewaya tudun
kamar mai fito in Gongola ta cika,
ba ya yanke ta kai tsaye.
La'asar ta same mu a nan.

Ta kwanta kan uwar maƙera, ba ta rawa.
Kwakwar da ke bayanta ta fito, ganye-ganye,
sai dai wani siririn layi ya rage,
kamar tabon da ya warke tun yarinta.
Na ce, "Wannan fa?"
Ya ce, "Wannan nata ne.
In na bi shi, rubutun zai bi ni."

Da magariba na sa wa Goggo a tafin hannu.
Idonta ya daɗe da gajiya, da yatsa take gani.
Ta shafa, ta shafa.
"Wa ya aike ka?
A aljihun kakanka take
ran da kwalekwale ya matse shi da dutse.
Ita ta lanƙwashe, haƙarƙarinsa ya tsira.
Ko shekarar da muka ci dusa bai kashe ta ba."

Na rasa inda zan ajiye idona.
Yatsan nata bai daina yawo ba
har ya yi tuntuɓe da layin, ya tsaya.

"To. Ga shi nan ashe.
Wa ya yi aikin?"
Na ce Hammayo.
"Haka ubansa yake," in ji ta,
"ba ya share sawun mutane."
Ta ƙulle ta a haɓar zane,
ta ce in ɗauko mata buta.